Daga Shinaka zuwa Kanwuri: Juma'ar da muka je ganin dogaran Sarkin Musulmi

Kuɗin da muka tara bai wuce na mota ɗaya da yini ɗaya ba, shi ya sa muka shafe kusan mako biyu muna gardama a aji. Mu ɗalibai 16 ne 'yan aji biyu na babbar sakandare a Shinaka, cikin ƙaramar hukumar Goronyo, maza 10 mata 6. Kowa ya kawo naira dubu huɗu. Wasu da kuɗin ƙwadagon cirar albasa a fadama suka biya, wata daga cikinmu kuwa kajinta biyu ta sayar ranar kasuwa. Idan aka haɗa da malamin tarihi da malamar da za ta raka 'yan matan, mun cika bas mai cin mutum 18 cif, ba wurin ko jakar baƙo.

Wani bidiyo ne ya tayar da maganar. Ɗaya daga cikinmu ya nuna mana a waya yadda sojojin fadar Buckingham da ke Landan suke canjin gadi: jajayen riguna, dogayen huluna baƙaƙe na gashi, ga badujala, ga 'yan kallo cunkus a bakin shinge. Malam ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe. Ya ce a can an tsara abin ne har da baƙi a rai: akwai ranaku da sa'ar da aka sanar, kallon daga waje kyauta ne, shiga manyan ɗakunan fadar kuma sai da tikiti, a watannin da ake buɗe su. Daga nan ya tambaye mu, "A cikinku wa ya taɓa taka ƙofar fadar Sarkin Musulmi?" Mutum biyu ne suka ɗaga hannu, ɗayan ma wucewa ya yi a bayan babur. Kunya ta ɗan kama mu, domin daga garinmu zuwa Sakkwato tafiyar safiya ce kawai.

Da farko masu son Kano ne suka fi baki. Sun ji labarin Gidan Rumfa, wanda ya samo suna daga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sun kuma ga hotunan Hawan Daushe. Lissafin kuɗin mota da wurin kwana ne ya kashe wannan magana cikin minti biyar. Sai aka dawo kan Sakkwato, aka ce a bari sai Sallah. Ita ma ba ta yi tsawon rai ba: makaranta tana hutu, kuɗin mota yana tashi, kuma malama ta ce ba za ta ɗauki amanar 'ya'yan mutane ta shiga turmutsitsin idi da su ba.

Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin ranar aiki da ranar Juma'a, kuma a nan ne gardamar ta yi zafi. Idan muka je Talata ko Laraba, za mu samu natsuwa, mu zagaya a hankali, mu wuce gidan adana tarihi na Waziri Junaidu mu ga tsofaffin rubuce-rubuce da kayan yaƙi. Amma mai yiwuwa ne mu dawo ba mu ga komai na dogarai ba sai zamansu a zaure. Idan kuma Juma'a ce, akwai fitar Sarkin Musulmi zuwa masallaci, sai dai lokacin zai ƙure mana. Ga kuma wata caca: Sarkin Musulmi shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Nijeriya, tafiye-tafiye ba sa yanke masa. Malam ya faɗa mana gaskiya cewa a fadar nan ba wanda zai jera dogarai don 'yan makaranta sun zo kallo. Suna jeruwa ne idan mai gidan zai fita. In ba ya gari, shi ke nan.

Aka kaɗa ƙuri'a, 11 suka zaɓi Juma'a, 5 suka zaɓi ranar aiki. Shugaban makaranta ya rubuta takarda zuwa Majalisar Sarkin Musulmi, Malam ya kai da hannunsa, aka ba mu rana.

Saura iyaye. Ba sai mun yi wa mai karatu dogon bayani kan halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suke ciki ba, duk wanda yake Goronyo ko Rabah ko Isa ko Sabon Birni ya san abin da ake nufi idan aka ce kada dare ya yi maka a hanya. Iyaye uku sun ƙi sa hannu sai da Malam ya bi su gida-gida. Sharaɗin da aka gindaya mana guda biyu ne: ba za mu tashi ba sai rana ta fito, kuma dole mu sauka a Shinaka kafin kiran magariba. Duk abin da muka gani da wanda muka rasa a wannan tafiya, wannan sharaɗi ne ya yanka mana shi.

Mun tashi da hantsi bai gama ɗagawa ba, muka bi ta Achida, muka shiga birni wajen ƙarfe goma. Hubbaren Shehu muka fara zuwa. A nan kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu a 1817, kuma a nan aka binne 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Mun tarar da masu ziyara daga nesa, wasu da jin Hausarsu ka san daga Nijar suke. 'Yan matanmu sun fi mu daɗewa a wurin, don malama ta tsaya tana ba su labarin 'Yan Taru, wato matan da Nana Asma'u ta riƙa koyarwa suna komawa ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu. Wadda ta sayar da kajinta ta ce da a nan aka tsaya ma ta ci riba.

A bakin fada, a unguwar Kanwuri, muka kusa yin asara. Malam ya shiga ciki da takardarmu, ya bar mu a inuwa. Sai ga wani saurayi tsaf-tsaf da shi, ya ce shi ɗan gida ne, idan kowa ya kawo naira ɗari biyar zai kai mu har inda Sarki yake zama, mu ɗauki hoto. Bakinsa da zaƙi. Mutum huɗu har sun fara laluben aljihu, kuɗin abincin rana ne kuwa. Ana cikin haka wani dattijon dogari ya taso daga zaure, da jan rawaninsa, yana tafe a hankali. Kafin ya iso saurayin ya sulale.

"Ku ɗiyan ina na?" in ji dattijon.

"Daga Shinaka muke, Baba. Malaminmu ya shiga da takarda."

"To ku mai da kuɗinku aljihu. Nan ba kasuwa ba ta."

Shi ne aka haɗa mu da shi daga baya ya zagaya da mu, kuma da za a sake ba mu zaɓi, shi za mu sake ɗauka. Malam ya san shekaru da sunaye, Baba kuwa ya san inda ake tsayawa da inda ba a takawa. Tun daga ƙofa ya sa muka tuɓe takalma inda ya kamata, ya ce kada wanda ya ɗaga waya sai ya tambaya, ya nuna wa maza yadda ake jinjina da dunƙulallen hannu. Bai kai mu ko'ina ba sai zauruka da farfajiyar da aka yarda baƙi su shiga. Da wani ya tambayi cikin gida, sai ya ce, "Kai in baƙo ya zo gidanku, ɗakin innarka kaka kai shi?" Dariya ta kashe maganar.

Su biyun suka riƙa karɓeɓeniya. Malam ya ce Muhammadu Bello ɗan Shehu ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809, shekara guda bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir. Ya ce Baturen nan Kilafaton ya zo wurin Bello a 1824, ya sake dawowa, ajalinsa ya same shi a nan a 1827. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a wannan shekarar. Baba kuma ya fi son zancen Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988, mahaifin Marigayi Muhammadu Macciɗo da kuma Sarkin Musulmi na yanzu, Muhammadu Sa'ad Abubakar, na 20 a jerin, wanda ya hau a watan Nuwamba na 2006 bayan ya yi aikin soja har ya kai Birgediya Janar.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bayanin aikin dogari. Mu a da ɗauka muke ado ne, kamar laima ko algaita. Ashe kafin a yi 'yan doka, dogarai su ne 'yan sandan ƙasa: su kamo mai laifi, su tsare shi, su kai saƙon sarki. Zamanin En'e aka kafa 'yan doka, daga baya su ma aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙara rage ikon sarakuna. Abin da ya rage a hannun dogari shi ne jikin sarki da martabarsa. Babbar rigar nan da muke gani tana da aiki: idan sarki zai zauna, ko zai sauka daga doki ko mota, ko zai gyara rawani, dogarai sukan baza rigunansu su kare shi daga idon jama'a. Idan ka yi gaisuwa, su ne suke amsawa a madadinsa. Malam ya ƙara da cewa a watan Janairu na 2013, lokacin da 'yan bindiga suka buɗe wa motar Sarkin Kano Ado Bayero wuta, direbansa da wasu masu tsaronsa sun rasa rayukansu, shi kuma ya tsira. Baba bai ce komai ba, gyara zaman rawaninsa kawai ya yi. Mu ma muka yi shiru.

Har zuwa wannan lokaci ba mu san ko cacarmu ta ci ba. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya kai tsaye, sai ƙaramin cikinmu ya ce, "Baba, yana gari kuwa?" Baba ya dube shi ya ce ba a tambayar sarki haka, amma mu je mu yi alwala, mu tsaya inda zai nuna mana.

Bayan rana ta karkata farfajiyar ta fara cika. Motocin 'yan majalisa da hakimai suna shigowa, kowa da rawaninsa, Malam yana raɗa mana sarautun gidan: Waziri, Magajin Gari, Magajin Rafi, Galadiman Gari. Dogaran da muka gani ɗazu suna hira a zaure sun miƙe, sun zama wasu mutane daban. Ba busar usur, ba wanda ya daka tsawar umarni irin ta fareti, amma kowa ya san gurbinsa. Suka yi sahu biyu suka bar hanya a tsakiya. Daga can ciki muka ji muryoyi sun tashi da kirari da addu'a, jama'a suka ɗaga hannu. Gaskiyar magana, abin da muka gani na Sarkin Musulmi bai wuce farin rawani ba, tsakanin jajayen rawuna, na ɗan lokacin da bai kai a karanta Fatiha sau uku ba. Baba yana cikin sahun, ko kallonmu bai yi ba. Aka nufi Masallacin Sarkin Musulmi Bello, muka bi ayari a baya, malama ta ja 'yan mata zuwa ɓangarensu.

Mutum biyar ɗin da suka so ranar aiki ba su fasa ƙorafi ba, kuma suna da hujja. Da aka sallame sallah, lissafin Malam ya nuna ko dai gidan tarihi na Waziri Junaidu ko Wurno, ba za a samu biyun ba. Aka zaɓi Wurno don tana kan hanyar gida. Ɗaya daga cikinsu ya ce an sayar masa da tarihin shekara ɗari biyu a kan kallon minti biyu. Wani ya mayar masa da cewa kayan gidan tarihi suna nan ba inda za su, Baba dogari kuwa ya tsufa. Har muka wuce Achida ba a raba gardamar ba.

Wurno garin ribaɗi ne da Muhammadu Bello ya kafa don tsaron iyakar daula ta wannan ɓangare, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Wasu daga cikin magadansa ma a Wurno suka riƙa zama, shi ya sa da Baturen Jamus Barth ya zo a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, a Wurno ya yi zamansa. Wato akwai lokacin da mai son ganin dogaran Sarkin Musulmi daga ƙasarmu ba sai ya kai birni ba. Sau nawa muka wuce mararrabar garin nan muna ɗaukarsa garin shinkafa da tafarnuwa kawai?

Minti 20 Malam ya ba mu. Muka yi addu'a a hubbaren, muka leƙa fadamar Rima daga kan tudu, direba yana ta danna oda yana nuna mana rana. Babu wanda ya yi masa musu. A mota malama ta ƙirga mu sau biyu, Malam ya kira shugaban makaranta ya ce mun taso.

Mun shiga Shinaka ana shirin alwalar magariba. Iyaye uku ɗin nan da suka ƙi sa hannu da farko, duk suna tsaye a bakin tasha.