Gaya: Mun Bi Sawun Kuɗin Gwamnati Har Cikin Aji

 A wannan wata za mu kai ku Gaya, can kudancin jahar Doso, a ƙasar Dandi. Ga dalilin tafiyar. A ajin yaƙi da jahilci manya sukan yi mana tambaya. Sukan ce: "Malam, kullum muna ji a rediyo gwamnati na kashe kuɗi a kan lakwal. Ina kuɗin nan suke shiga? Mi ɗan talaka yake samu a ciki?" Tambaya ce mai kyau. Gani ya kori ji, shi ya sa muka tafi muka duba.

Gari mai iyaka biyu

Daga Doso zuwa Gaya kusan kilomita 150 ne bisa kwalta. Mutum zai wuce Bela da Malgoru. Tun kafin ya iso zai ga ƙasa ta sake kama. Itatuwa sun yi yawa, ciyawa ta yi tsawo. Nan ne ruwan sama ya fi sauka a duk faɗin Nijar. Ana noman hatsi da dawa, da rake, da rogo, da dankali. Ana noman shinkafa a bakin kogi, kamar a Tara. A Dallol Mawri giginya ta yi daji guda, daga can muruci yake zuwa kasuwanni. A Dallol Foga mata suna dafa gishiri tun kaka da kakanni. Dandawa, da Zabarmawa, da Hausawa, da Kyangawa, da Fulani duk suna zaune tare.

Kogin Isa ne ya raba Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, gada ta haɗa su. Ta gabas kuma ga Kamba, cikin jihar Kebbi ta Najeriya. Shekaru da yawa ta wannan gada kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kotonu suke shigowa ƙasarmu.

Wanda ya ga wannan albarka zai ce babu talaka a Dandi. Amma akwai. Akwai wanda ba shi da gona sai ƙwadago. Akwai marayu. Akwai makiyayin da bisashensa suka ƙare. A watan Yuli na 2023 aka rufe gadar, manyan motoci suka daina wucewa. Masu dako da mata masu sayar da abinci suka rasa ciniki, kaya suka yi tsada. A daminar 2024 kuma aka yi ambaliya a ƙasa, har gwamnati ta ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba. In gida ya shiga matsi, yaro ne yake fara ji. Sai a cire shi daga aji, a tura shi korar tsuntsaye a gonar shinkafa, ko kiwo, ko su, ko dako a bakin kogi. Yarinya kuma a aza mata faranti na talla.

Daga ina kuɗin suke fitowa?

Kafin mu shiga makaranta, bari mu san asalin kuɗin. Kuɗin gwamnati ba na wani babban mutum ba ne. Kuɗinmu ne duka. In ɗan kasuwa ya biya duwan, kuɗin baitulmali suke shiga. In ka sayi sukari, ko man babur, ko kuɗin waya, akwai haraji a ciki. Kowace shekara gwamnati takan raba abin da aka tara: ga na lafiya, ga na tsaro, ga na noma, ga na ilimi. Ƙasashe abokai da ƙungiyoyin duniya su ma sukan ƙara nasu taimako.

Rabon ilimi yakan tashi daga ma'aikatar ilimi a Yamai. Ya zo ofishin ilimi na jaha a Doso. Ya sauka wajen masu duba makarantu na Gaya. Daga nan ya isa ƙauye. Dokar ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne. Ta kuma raba nauyi: gwamnati na da nata, hukumar magajin gari na da nata, iyaye ma na da nasu.

Makarantar da muka ziyarta

Daga Gaya muka hau kabu-kabu zuwa wani ƙauye da ke nesa da kwalta. Mun iske yara sun yi layi ana ta da tuta. Azuzuwa uku ne: biyu na siminti, ɗaya na zana. Wasu yaran na da takalmi, wasu ƙafa ƙasa. Ba a kori kowa ba saboda riga ko takalmi. Daraktan makarantar ya yi mana maraba. Muka gaya masa tambayar ɗalibanmu. Ya ce kuɗin gwamnati ba sa zuwa masa cikin jaka. Sukan zo ne da kama huɗu. Ya ɗauke mu ya nuna mana su ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, malami. Gwamnati ce take horar da mushe, ita ce take biyan shi. Shi ya sa uba ba ya biyan kuɗin wata a makarantar gwamnati. Ɗan maigari da ɗan mai ƙwadago benci ɗaya suke zama, daga aji na fari har aji na shida.

Na biyu, aji da tebur da benci. Ajin siminti na gwamnati ne ko na hukumar magajin gari, ko na wata ƙungiya mai taimako. Ajin zana kuwa iyaye ne suke yin shi bayan kaka, in an samu kara. Wannan yana jawo asara. Yaran ajin zana sukan makara wajen fara karatu, kuma da ruwan fari ya sauka karatu ya tsaya. Ga kuma haɗarin wuta. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe wajen yara 20 a azuzuwan zana a Yamai. A watan Nuwamba na shekarar nan wata ta kashe fiye da yara 20 a Maraɗi. Allah ya jiƙan su. Don haka a wannan makaranta an nisanta madafa daga ajin zana, an bar masa ƙofa mai faɗi, kuma an sa ƙananan yara a ajin siminti.

Na uku, kayan karatu: alli, da allo, da littafin rubutu, da alƙalami, da littattafan karatu. Darakta ya buɗe mana babban littafi inda yake rubuta duk abin da ya shigo da ranar da ya shigo. Kayan ba kullum suke isar kowa ba, wani lokaci kuma sukan makara a hanya. To, a nan ne makarantar ta yi dabara. Tun farkon shekara an rubuta sunayen marayu da ɗiyan waɗanda ba su da hali. In kaya suka zo, su ake fara ba. Mai hali ya saya wa ɗansa a kasuwa. Ba a kiran sunayen nan a gaban yara, don kada a kunyata kowa.

Na huɗu, abinci. Shi ake kira kantin, wato ciyar da yara a makaranta. Ba kowace makaranta take da shi ba. An fi ba makarantun makiyaya da na wuraren da abinci yake ƙaranci. Wasu gwamnati ce take ɗaukar nauyinsu, wasu kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake kira PAM. A wannan ƙauye akwai yaran da suke tasowa daga rugga mai nisa, ba za su iya komawa gida da rana ba. Da safe ana ba su kunu. Da rana shinkafa da wake, ko tuwo. Hatsi da mai daga sama suke zuwa. Icce da ruwa da masu dahuwa daga gari.

Mun tsaya mun ga rabon abincin. Yara suka wanke hannu, suka zauna ƙungiya ƙungiya. Wata uwa daga cikin masu dahuwa ta ce mana ranar da tukunya ta hau wuta aji yakan cika, ranar da sito ya ƙare benci yakan yi fili. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da bai karya kumallo ba, ko mushe ya yi ta faɗa, ba ya ji.

Wa yake tsaron kayan?

Makullin sito ba a hannun darakta kaɗai yake ba. Akwai kwamitin kula da makaranta. A shekarar 2002 aka fara kafa irin wannan kwamiti a Nijar da sunan COGES, a 2012 aka mai da sunan CGDES. A ciki akwai wakilan iyaye maza, da wakiliyar iyaye mata, da darakta, da malami. Mutanen gari ne suke zaɓen wakilansu. Tun 2004 ƙasar Japan ta taimaka wajen koya wa kwamitocin nan aiki, aka fara daga jahar Tawa.

Aikin kwamiti shi ne ya kira taron gari, a faɗi abin da makaranta take bukata, a rubuta, a raba aiki. In buhu ya shigo a ƙirga a gabansu. In tiya ta fita a rubuta. A ƙarshen shekara a karanta wa jama'a lissafi. A wannan ƙauye taron gari ya yanke cewa bayan kaka kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa na hatsi, don ranar da kayan gwamnati suka makara. An yafe wa gidajen marayu. An kuma sa wasu samari masu ilimi suna maimaita wa yaran da aka bari a baya lissafi da karatu da marece.

Iyaye mata su ma suna da ƙungiyarsu. In yarinya ta yi kwana biyu ba ta zo ba, sukan tafi gidansu su ji dalili. In talla ce, a roƙi uwar ta bari sai an tashi daga aji. In maganar aure ce, a kai ta gaban maigari da liman. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace mai karatu, don ta zauna a makaranta har shekara 16.

Akwai kuma takardar haihuwa. Yaron da ba shi da ita zai sha wuya in ya zo jarrabawa ko wucewa gaba. Ɗiyan talakawa da na makiyaya su suka fi rasa ta. Darakta yakan tara sunayensu ya kai wa hukumar magajin gari, don a yi musu takarda ta hannun alƙali.

Yadda maƙwabta suke yi

Tun da Gaya na da maƙwabta biyu, bari mu leƙa. A Benin an soke kuɗin makarantar faramare a 2006, kuma a 2017 gwamnatinsu ta fara babban shiri na ciyar da yara tare da PAM. A Najeriya an ƙaddamar da shirin ilimi ga kowa, wato UBE, a Sakkwato a 1999. Dokarsu ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shiga na gwamnatin tarayya don shirin, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Ƙungiyar Tarayyar Afirka kuma ta tsai da 1 ga Maris ranar ciyar da ɗalibai, kuma a Yamai aka yi bikin farko a 2016. Kun ga ke nan ba mu kaɗai ba ne. Kowace ƙasa ta gane cewa cewa "boko kyauta ne" bai isa ba, sai an tallafa wa ɗan talaka ya zauna.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan'uwa, ga amsar tambayarku. Kuɗin gwamnati suna zuwa da kamar malami, da aji, da littafi, da tukunya. Amma hanya daga Yamai zuwa ƙauye tana da nisa. Inda iyaye suka sa ido, kaya sukan isa hannun maraya. Inda suka ce "kayan gwamnati ne, ba ruwanmu", mai ƙarfi ne zai ci, yaron da ba shi da kowa ya koma bakin kogi.

Ku da kuka koyi karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ga inda iliminku zai yi amfani. In an kira taron makaranta, ku je. Ku tambayi littattafai nawa suka zo, buhu nawa ya shigo, su wa aka fara ba. Ku nemi a karanta lissafi da harshen da kowa yake ji. Ku duba lambobin da idonku. Tambaya ba raini ba ce, kuma malamin kirki murna yake yi da ita. In za a yi zaɓen kwamiti, ku zaɓi mai amana, ko da ba mai dukiya ba ne. Makiyayi, kafin ka tashi da bisashe, ka je ka yi shawara da darakta a kan inda ɗanka zai zauna. Manomi, in ka san maraya a unguwarku da bai shiga aji ba, kama hannunsa ka kai shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda yake da labarin makarantar garinsu, ya rubuto mana da hannunsa, za mu buga. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka, amin.