Da Hausa Muka Koyi Sifaniyanci

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Mu uku ne Hausawa da karatu ya kai wata kwaleji a Amurka shekarun baya, kuma dokar makarantar ita ce kowane ɗalibi sai ya ɗauki darasin wani baƙon harshe kafin a ba shi takardar shaida. Muka duba jerin harsunan, muka zaɓi Sifaniyanci, domin an ce mana shi ya fi saukin ci a jarrabawa. Iyakar niyyarmu ke nan, mu ci mu wuce.

Ranar farko malamar, wata dattijuwa 'yar ƙasar Peru, ta shigo ta gaishe mu da harshen, ta ce mu maimaita. Nan fa ake yin ta. Mai karatu ya san yadda bakin Bahaushe yake da "p" da "f". Kalmar gada a harshen ita ce puente, maɓuɓɓugar ruwa kuwa fuente, mu kuma duk ɗaya muke faɗar su. 'Yan ajin suka yi ta dariya, kunya ta rufe mu. Muka koma masauki muna zargin harshenmu, muna cewa shi ne zai ja mana faɗuwa. Har muka yi shawara tsakaninmu cewa daga yau za mu riƙa ajiye Hausa a bakin ƙofa kamar takalmi, mu shiga aji da Turancin Ingilishi kawai, tun da shi ake yin bayani da shi.

Ba a yi mako uku ba wannan shawara ta rushe. Malama ta kawo darasin jinsi, ta ce kowane suna a Sifaniyanci ko namiji ne ko mace, har tebur da ƙofa. Turawan ajin suka rikice, domin harshensu bai san wannan ba. Mu kuwa muka dubi juna muka yi murmushi, don tun muna goye muke cewa "riga ce", "wando ne". Ta ƙara da cewa yawancin kalmomin da suka ƙare da "a" mata ne, amma akwai 'yan tawaye irin su día da mapa. Muka ce ai mu ma muna da su: gida da ruwa da suna duk maza ne. Abin da kawai ya ba mu mamaki shi ne a wurinsu rana namiji ce, wata kuwa mace, wato sun juya namu.

Daga nan sai abubuwa suka yi ta zuwa. Harshen yana da "r" iri biyu, da su ake raba pero, wato "amma", da perro, wato "kare". 'Yan ajin suka yi makonni suna fama da kaɗa harshe, alhali mu muna da bambancin bara mai hidima da bara ta almajiri, ko da yake ba mu nuna shi a rubutu. Sai kuma aikatau biyu da ke wahalar da kowane ɗan koyo, ser da estar, waɗanda Ingilishi ya haɗe su wuri guda. Muka lura cewa na farkon ya yi kusa da "malami ne", na biyun kuma da "yana gida". Ba kullum ma'aunin ke dacewa ba, amma ya fisshe mu sau da yawa. Haka nan usted da suke ce wa babba maimakon tú, ai shi ne "ku" da muke ce wa iyaye da surukai.

Ranar da ta fi tsaya mana a rai ita ce ranar da aka rubuta alcalde a allo, aka ce shi ne shugaban gari. Ɗayanmu ya ɗaga hannu ya ce kalmar ta yi masa kama da alƙali. Malama ta ce lallai daga Larabci take. Ta ba mu tarihin yadda Musulmi suka shiga Andalus a 711, mulkinsu bai ƙare ba sai da Giranada ta faɗi a 1492, suka bar wa harshen ɗimbin kalmomi. Muka shiga tono. Hasta ɗinsu da "hatta" ɗinmu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Alguacil da waziri haka. Azúcar da sukari haka. Ojalá kuwa, da suke faɗi idan suna fatan abu, asalinta roƙon Allah Ya so ne. Ashe mu da su mun sha daga rijiya guda, kowa da gugarsa.

To, amma darasin da ya fi nauyi ba na nahawu ba ne. Wata rana bayan an tashi, malama ta tsayar da mu ta tambaye mu wane harshe muke raɗa da shi a bayan aji. Muka ɗauka faɗa za ta yi, muka fara ba da haƙuri. Sai ta ce mu faɗa mata wani abu da shi. Muka yi mata karin magana biyu, muka fassara. Ta yi shiru. Can ta ce kakarta Kecuwa take ji, harshen mutanen tsaunukan Andis tun kafin zuwan Sifaniyawa, amma iyayenta suka hana a koya wa yara, don gudun kada a raina su a birni. Ta ce gwamnatin Peru ta amince da harshen a hukumance a 1975, sai dai a gidansu aikin gama ya gama. Kakar ta rasu da tatsuniyoyinta, ita kuma ga ta tana koyar da harshen waɗanda suka ci ƙasarsu da yaƙi. Ta ce, "'Ya'yana, ku riƙe naku."

Jikinmu ya yi sanyi, domin mun tuna shawarar da muka yi ta ajiye Hausa a bakin ƙofa. Mun kuma tuna gidaje nawa muka sani a Kano da Kaduna da Yamai inda ake ganin burgewa ce yaro ya tashi bai iya gaida kakarsa da harshenta ba.

A zango na biyu aka fara ba mu gajerun labarai, aka kuma gabatar mana da Gabriel García Márquez na Kolombiya, wanda ya sami kyautar Nobel a 1982. Abin da ya ja hankalinmu a tarihinsa shi ne yadda ya sha faɗin cewa salon ba da labarinsa daga kakarsa ya samo shi, matar da ke faɗin abin al'ajabi fuska a murtuke kamar labarin cefane. Garinsu Arakataka ƙaramin gari ne, amma daga can ya ɗebo abin da duniya ta karanta. Muka ce, to mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, me muke jira?

Mun ci jarrabawa, ko da yake har yau "p" ɗinmu takan zame idan muka yi sauri. Shawararmu ga 'yan uwa marubuta, musamman masu tasowa, ita ce kowa ya daure ya koyi wani harshe ko da na gaisuwa da cefane ne, kuma idan zai shiga ajin ya shiga da Hausarsa. Mu dai sai da muka zauna gaban baƙon harshe muna lalube kamar yara sannan muka san abin da ke cikin "ne" da "ce". Tun daga lokacin, in muka ɗauki alƙalami, mukan tsaya mu auna kalma kafin mu ajiye ta.