Sunan itace kafin maganinsa

Bahaushe ya san itatuwan ƙasarsa da sunayensu: gawo, kuka, tsamiya, aduwa. Ko baƙuwar da ta zo daga Indiya ta samu sunaye har huɗu, darbejiya, dogon yaro, maina da bedi, gwargwadon garin da mutum ya tashi. Amma akwai baƙin da har yau ba a raɗa musu suna ba, waɗanda ganyensu siriri ne kamar allura. Mai lambu yakan haɗa su duka ya ce da su "fain", daga nan kuma kuskuren magani yake somawa.

Biyu ake yawan rikitawa. Na farko Pinus caribaea, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya da Kuba, wanda ake shukawa a tsaunukan Jos; alluransa galibi uku-uku ne, a ɗaure daga gindi. Na biyu Casuarina, wanda Faransawa ke kira filao, aka kuma shuka a gaɓar tekun Senegal don tsayar da rairayi. Wannan ba dangin fain ba ne. Abin da ido ke ɗauka allura a jikinsa reshe ne mai gaɓa-gaɓa, in an ja shi sai ya rabu, ganyensa na ainihi kuwa 'yan haƙora ne kewaye da gaɓar.

Sai suna ya tabbata sannan ganye yake ba da labari. In tsofaffin alluran ciki suka yi rawaya suka zube, bakin reshe yana nan kore, tsufa ne, ba cuta ba. In bushewa ta faro daga tsini, a ɓangaren da iskar hunturu ke bugawa, ƙishirwa ce ko gishirin ruwa. Filao kuwa yana jure gishiri, don haka a kansa sai a nemi wani dalili. In allura ta koɗe da ɗigo-ɗigo, a karkaɗa reshen a kan farar takarda: ƙurar da ta motsa ƙwari ne. In itacen ya yi yaushi gaba ɗaya, a tona gindi a duba gara ko ruwan da ya kwanta.

Gaggawa a nan tana da tsada. Reshen fain da aka datse har wurin da ba allura ba ya sake toho, sai mai lambu ya yi hasarar girman shekaru saboda ganyen da lokacin zubarsa ne kawai ya yi.