Idan Fambel Ya Yi Kuka



Duk mai bin hanyar Boɗinga zuwa Shagari ya san wannan ƙarar. Direba zai tayar da mota da sassafe, sai a ji "ƙiiii" kamar an taka wutsiyar kwikwiyo. Mu da muke shiga motar haya lokacin hutu mun sha jin ta, musamman da sanyin hunturu. Fambel ne yake kuka, kuma kukan nasa yana da dalili.

A darasin fasaha an koya mana cewa fambel igiya ce ta roba. Injin yana juya wani faifan ƙarfe da ake kira fuli, sai fambel ya ɗauki juyin ya kai wa na'urar da ke cajin batir. A motoci da yawa shi ne kuma yake juya famfon da ke zagayawa da ruwa tsakanin injin da lagireto. Idan ya tsinke, batir zai daina caji, ruwa ya tsaya, injin ya ɗauki zafi har ya iya ƙonewa.

Kawunmu direba ne a wannan hanya, wadda ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta wuce Tambuwal da Jega. Da motar yake ciyar da gidansa. Wata Asabar mu da ƙanenmu muka raka shi gareji a Boɗinga saboda kukan ya yi yawa.

Kawu ya ce wa bakanike, "Maigida, a ɗan goga masa sabulu mana, fasinja na jira na a tasha."

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, sabulu baki kawai yake rufe masa. Kafin ka kai Shagari zai dawo da kukansa. Ai da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ya sa aka kashe motar, sannan ya kira mu muka matso. Ya ce abubuwa 3 ne suka fi sa fambel kuka. Na farko, ya yi sako-sako yana zamewa a kan fuli. Na biyu, ya tsufa, cikinsa ya yi sulɓi ko ya tsattsage. Na uku, fulin ya karkace ko boris ɗinsa ya mutu. Ya danna tsakiyar fambel ɗin da babban yatsa, ya ce bai kamata ya lotsa fiye da kamar santimita 1 ba. Na Kawu ya lotsa sosai. Da aka kwance noti aka ciro shi, muka ga cikinsa ya daddare kamar ƙasar fadama da rani. Aka sa sabo, aka ɗaure daidai, domin wanda aka matse da yawa shi ma yana kashe boris. Kawu ya rasa lodin safe, amma motar ta yi shiru.

Wasu direbobi suna zuba wa fambel mai don ya daina ƙara. Mai yana cin roba, yana kuma ƙara masa santsi. Motar da aka yi wa haka tana iya tsayawa a daji da dare, alhali a cikinta akwai tsofaffi da masu goyo, wataƙila har da maras lafiya da za a kai asibiti Sakkwato.

Da yawa daga cikinmu iyayenmu ko yayyenmu direbobi ne. Idan muka ji wannan kuka, mu gaya musu cikin ladabi su kai wa bakanike ya duba. Kada kuma mu kai hannu kusa da injin yana aiki, domin fambel yana iya fizgar yatsa, ko hannun riga, ko bakin hijabi.

Allah ya kare matafiya, ya kai kowa gida lafiya.