Tafiyar Mil Biyu a Tsakar Ɗaki

Ciwon kai ne kawai ya kai ni asibiti wata ranar Talata cikin damunar 2023, irin ciwon kan nan da mace kan ɗaure da ɗankwali ta ci gaba da harkokinta. Likitar ta naɗa mini abin awo a damtse, ta duba, ta sake aunawa, sannan ta rubuta 160 bisa 100. Ta ce daga 140 bisa 90 ake fara maganar hawan jini, in je in dawo bayan mako guda. Na dawo, bai sauka ba. Ta rubuta magani, ta ja mini kunne a kan gishiri da ɗunƙulen miya, sannan ta yi mini tambayar da ta ba ni haushi: "Hajiya, wane motsa jiki kike yi?"

Na ce, "Likita, ni da ba na zama?"

Sai ta ce to in lissafa mata yinina tun daga asuba. Na fara da ƙarfina, kafin in kai azahar muryata ta yi sanyi. Daga ƙofar gidanmu a Unguwar Gano zuwa bakin titi taku kaɗan ne, adaidaita sahu ya ɗauke ni ya dire a ƙofar ofis, in hau kujera sai la'asar. A gida kuwa yara sun tasa, shara da wanke-wanke sun koma hannunsu, markaɗe na inji ne, ruwa na 'yan ga-ruwa ne. Ashe abin da nake kira rashin zama, bakina ne ke yin sa, jikin yana kan kujera yana ba da umarni.

Ba alƙaluman ne suka tsorata ni ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara huɗu, kuma ina cikin masu juya shi a shimfiɗa. Na san warin ɗakin jinya, na san yadda dattijo mai faɗa-a-ji kan kawar da kai idan 'yarsa ta zo ba shi abinci a baki. Abin da na gani ke nan a takardar likita.

Ta yi mini bayani cewa motsa jikin iri biyu ne, kuma ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya. Akwai wanda ke sa zuciya gudu da numfashi sama-sama, kamar tafiya da sauri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako. Akwai kuma na ƙarfafa tsoka, ɗaga nauyi da ture shi, shi kuma aƙalla kwana biyu a mako, domin tsoka zaizayewa take yi da shekaru idan ba a ba ta aiki ba. Minti talatin sau biyar, in ji ta, ai ba wani abu ba ne.

A bakinta ba wani abu ba ne. Maza kan fito da sassafe a titin Zariya da titin Gidan Zu da wandunansu na wasanni, ba mai ce musu kanzil. Ni kuwa ranar da na gwada, na zumbula hijabi na fita bayan asuba, kafin in fita daga layinmu mutum uku sun tambaye ni ko lafiya, wata maƙwabciya har da biyo ni da "Wa ya rasu?" Ga taɓo, ga kwata ta cika ta tumbatsa. Gidajen motsa jiki masu ɓangaren mata akwai su a gari, to amma in an haɗa kuɗin wata da kuɗin mota da awa biyun da za a ɓata a hanya, na san kaina, mako biyu zan yi in watsar. Babbar 'yata ce ta ce, "Umma, ki yi a ɗaki mana. Tun kullen korona na 2020 mutane suke bin bidiyo a waya."

Abin ya ba ni dariya, domin na taɓa ganin irinsa. Muna 'yanmata akwai gidan wata gwaggonmu da ke da bidiyo, kuma cikin kasa-kasan Indiya da na Canis akwai wani kaset na wata baturiya da ƙawayenta suna ta ɗaga ƙafa. Daga baya na san Jane Fonda ce, 'yar wasan Amurka, wadda kaset ɗinta na 1982 ya buɗe wannan kasuwa. Mu dai a lokacin kwanciya muke yi muna dariya, muna cewa ƙoshi ne ya yi musu yawa. Yayyenmu maza su ne suka ɗauki darasi, amma daga Bruce Lee: su cika gwangwanaye biyu da siminti, su soka ƙarfe a tsakani, su yini a soro suna nishi. Ban taɓa kawowa a raina wata rana zan nemi baturiyar nan da kuɗina ba.

Ranar Asabar muka tafi kasuwar waya ta Fam Santa a nan Tarauni, wurin masu turi. Yaron da muka samu bai ko yi mamaki ba. Ya juyo da kwamfutarsa ya ce, "Hajiya, na narkar da teɓa kike so ko na fito da ƙwanji?" Ya shiga buɗe mini su. Ga Tae Bo na Billy Blanks, wanda ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1990, naushi da harbin iska kamar ana dambe da aljani. Ga P90X na Tony Horton, shirin kwana 90, kusan awa guda a kullum, kwana shida a mako, kuma yana son ƙarafunan ɗagawa da sandar lilo a ƙofa. Ga na Indiyawa, ga na rawa, ga na wasu 'yanmata da kayan jikinsu ba su kai a kunna su a gaban suruka ba. Sun fi talatin.

Mai karatu, a nan na yi wautar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ban tambayi kaina komai ba, hoto na bi. Akwai wani shiri, ba zan kama sunansa ba tunda laifin ba nasa ba ne, da aka nuna wata mata kafin da bayan kwana talatin, ta farko kamar ni, ta biyun kamar 'yata. Na ce a tura mini shi. Likita zancen zuciya da jijiyoyi ta yi mini, ni kuma na je kasuwa na sayo zancen ƙugu.

Falona taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance, kuma kujeru sun cinye rabi. Matar cikin wayar tana da fili kamar na Idi. Ta ce a yi tsalle a buɗe ƙafa, na yi, hannuna ya doki fanka. Ta ce a faɗi ƙasa a miƙe a sake tsalle, na faɗi, miƙewar ce ta zama shari'a. Kiɗa kuwa kamar gidan biki, alhali bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin Hajiya, mahaifiyar maigidan, wadda ke lazimi a wannan lokaci. Duk da haka na cije, don an ce in da zafi to yana aiki. A rana ta huɗu na diro daga wani tsalle, gwiwata ta dama ta ce ƙas.

Kwana tara ina salla a zaune. Duk abin da ya same ni a wannan lamari babu wanda ya taɓa mini zuciya kamar wannan. Hajiya ta shekara bakwai tana salla a kan farar kujerar roba, ga ni a gefenta a kan tawa, ni da ban cika hamsin ba, goshina yana marmarin ƙasa. Ta bari sai da muka shafa addu'a wata magariba sannan ta ce, "Ke yanzu da hankalinki, ki biya kuɗi a koya miki tsalle? Ga turmi can a bayan ɗaki rana na cinsa. Ki ɗau taɓarya ki surfa mini gero kwano biyu, ki ga in ba ki yi gumin da kike nema ba."

Ta kawo mini tarihin yininta tana amarya: ta ja guga talatin a rijiya, ta yi surfe, ta yi ribɗi, ta durƙusa a dutsen niƙa, ta tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, ga goyo a baya. Na daɗe ina juya maganar, kuma gaskiyarta ta fi rabi. Duk wadda ta taɓa yin lugude ta san daka ya haɗa iri biyun nan da likita ta lissafa, ga haki ga nauyi, har da kiɗansa. Abin da Turawa suka naɗa a kaset suna sayarwa, iyayenmu sun yi shi kyauta, har a samu gari a ƙarshe. Sai dai ban ce mata ba, don ba a faɗa wa suruka haka, cewa aikin nan da ba shi da hutu ba shi da awo yana cikin abin da ya ranƙwafar da bayanta. Kuma ranar da aka ji sautin turmi daga gidan ma'aikaciya a Unguwar Gano kullum safiya, sai an aiko tambaya ko injin unguwa ne ya lalace. Zamanin ya wuce, jikin da ya gada ne bai san ya wuce ba.

Da gwiwar ta lafa, likita ta ce in koma amma ban da tsalle, sai na sake zaɓe. Wannan karon ni da 'yata muka zauna da kofin shayi muka yi ta kallon bidiyoyin ba tare da na motsa ko yatsa ba, kamar masu zaɓen atamfa. Na daina kallon cikin masu yin, na koma kallon ƙafafunsu. In dai ƙafa biyu suna barin ƙasa a lokaci guda, a wuce. Na lura shirye-shiryen kirki sukan ajiye mutum guda a gefe yana yin sassauƙan nau'in kowane motsi, wanda kuwa babu irin wannan mutum a cikinsa, ba a yi shi don ni ba. Sannan tilas ya zama wanda zan gane ko an kashe sauti, saboda Hajiya, kuma wanda zai zauna a cikin waya, kada ranar da babu data ta zama hujja.

Wanda ya tsallake duk wannan shi ne wanda yaron Fam Santa bai ko tsaya a kansa ba: shirin tafiya a gida na wata Ba'amurkiya, Leslie Sansone. Taku huɗu ne jigonsa, tafiya a wuri ɗaya, matsawa gefe da gefe, ɗaga gwiwa, da ɗan harbi gaba. Mil guda wajen minti goma sha biyar. Da na fara sai na ji kunya, na ce wannan ai wasan yara ne. Minti goma ya ƙaryata ni. Ma'aunin da likita ta ba ni shi ne in iya magana amma in kasa rera waƙa, kuma daidai nan tafiyar take ajiye ni.

Na ƙarfin tsoka ya fi ƙona mini rai, domin wanda ya dace da ni na tsofaffi ne, masu furfura fari fat suna murmushi. A zauna a kujera a tashi ba tare da dafa hannu ba, sau goma. A dafa bango a tura, sau goma. A ɗaga nauyi daga kafaɗa zuwa sama. Ban sayi ƙarfe ba, robar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, biyu na cika na ɗaure bakinsu. Litinin da Alhamis nake yi, don tsoka na son hutu a tsakani. Bayan wata uku na koma jarkar man gyaɗa mai lita huɗu, ranar kuwa har maigidan sai da ya ji labari.

Akwai abin da babu bidiyon da ya sani. Jadawalinsu ba shi da ranar zaman makoki, ba shi da baƙin da suka kwana a falo, bai san zafin Afrilu a Kano ba, lokacin da awo kan haura 40 kuma babu wuta. Azumin 2024 da na 2025 duk a bakin bazara suka faɗo, na koma yin mil guda bayan tarawihi, wasu ranakun ma ban yi ba. Da can in na sha kwana uku sai in ce shiri ya rushe, sai an sake daga farko, daga nan kuma sai a bari. Yanzu in na ɓata mako, ranar da na samu kai sai in kunna daga inda hali ya yi, matar ba ta taɓa tambayata ina na shiga ba.

Kada in yi ƙarya a shafin mutane: ban zama matar hoton nan ba. Zannuwana na da su ne na yanzu, illa ɗaurin ya ɗan ƙara shiga. Magani kuma ban daina ba, likita ta ce kada in kuskura. Amma awon ya sauko yana yawo a wajen 135 bisa 85, ina hawa benen ofis ba tare da na tsaya a tsakiya ina yi kamar ina duba waya ba, kuma ina yin sujada in tashi ban dafa komai ba.

Hajiya ta daina zancen turmi. Wata safiya na idar da mil na farko, na juya sai na gan ta a bakin ƙofa a kan kujerarta ta roba, carbi a hannu ɗaya, ɗaya robar ruwan tawa a ɗayan, tana ɗaga ta a hankali tana saukewa kamar ba da gangan ba. Na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da takuna. Can ta leƙo fuskar wayar da ke jingine a kan teburi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wai ita wannan baiwar Allah, kullum tana tafe, har yau ba ta isa garin ba?"

Na ce, "Saura mil guda, Hajiya."

Ta ce, "To ku yi sauri, kokona na hucewa."