Har Yanzu Ba Ka Tsai Da Fanni Ba?

Mai karatu, idan ka samu gurbi a jami'a amma zuciyarka ba ta tsaya kan fanni guda ba, ba kai kaɗai ba ne. Ni ma haka na shiga aji ɗaya: Baba na son in zama lauya, ni kuwa littattafai da finafinai sun cika min kai.

Abin da na lura, fom ɗin rajistar zangon farko ba wurin nuna jarumta ba ne. Ƙa'idar hukumar NUC yunit 15 zuwa 24 ce a zango. Fara da kwasakwasan dole, irin su Turancin GST, sannan ka ƙara na zaɓi ɗaya ko biyu daga sashen da ranka ke leƙe. Zauna lakcarsu tukuna kafin ka sa hannu. Kar ka bi aboki, ranar jarrabawa kowa tasa ta fisshe shi. Makin wannan zango yana shiga CGPA, kuma shi za a duba in ka nemi canjin sashe. Faɗuwa ɗaya na iya rufe maka wannan ƙofa.

Sannan ka kwantar da hankalinka. Ali Nuhu labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Farfesa Abdalla Uba Adamu da kimiyyar halittu ya fara, ya zama farfesan koyar da kimiyya a 1997, sai ga shi farfesan kafafen watsa labarai da al'adu a 2012.

Ɗauki abin da za ka iya ci yanzu, sauran lokaci zai nuna. Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri.