Kiɗan Jamus da ya sa na kira Baba

1/ Akwai wani kiɗa da duk wanda na kunna wa a ɗakinmu sai ya ce, "Malam, wayarka ta maƙale ne?" Sunansa minimal techno. A'a, ba wayar Tecno nake nufi ba. Ku biyo ni a hankali.

2/ Ba baiti, ba amshi. Bugu ɗaya ne ke ta maimaita kansa, kusan sau 125 a minti, har tsawon minti 8 ko 9. Daga Detroit ta Amurka ya taso, irin faifan Minimal Nation da Robert Hood ya fitar a 1994. Daga baya Jamusawa suka rungume shi.

3/ Ni dai rashin barci ne ya kai ni. Janareton maƙwabcinmu ba ya hutawa, sai na toshe kunne ina neman abin da zai danne ƙararsa. A nan na ci karo da Dominik Eulberg.

4/ Bajamushe ne, ɗan yankin dazukan Westerwald. Mai haɗa kiɗa ne, kuma masanin tsuntsaye na gaske. A faifansa na 2007, Heimische Gefilde, tsakanin kiɗa da kiɗa sai ka ji kukan wata halitta ta dajinsu, shi kuma yana bayaninta da Jamusanci.

5/ Gaskiya minti biyun farko gundura ce zalla. Amma in ka daure, kunnenka zai gaji da jiran sabon abu, ya koma kan ɗan abin da ke akwai. Sai ka ji wani ƙas-ƙas siriri can gefen hagu. Yaushe ya shigo? Oho. Wata ƙara ta janye, ba ka lura ba sai da ka ji gurbinta.

6/ Wallahi na san wannan yanayin. Haka gonar Baba take da asuba. Ka zauna ka ce shiru ne, bayan ɗan lokaci ka gane gyare na yi, kurciya na yi, iska na kaɗa karan dawa, kowa da lokacin shigarsa.

7/ Ga inda abin ya ci min rai. Mako biyu ina fassara sunayen tsuntsayen Jamus a intanet. Amma tsuntsun da ya tashe ni kullum shekara 15 a kan tsamiyar bayan gidanmu, ban san sunansa ba.

8/ Na kira gida. "Baba, ina wuni. Tsuntsun nan mai kuka da asuba a kan tsamiya, me ake ce masa?" Ya yi dariya. "Wanne daga ciki, ɗan birni?" Ya shiga lissafi: hazbiya, cilakowa, carki, balbela. Har kwaikwayon kukansu yake min ta waya, Inna na ta dariya a bayansa.

9/ Sai ya ce, "Ai tsamiyar an sare ta bara waccan, an yi gawayi." Na yi shiru. Sau biyu na je gida tun lokacin, ban ma lura ba. Gauraka kuwa, ya ce rabonsa da ganinta a fadamarmu tun kafin a haife ni.

10/ Ranar Juma'a zan tafi, in sha Allahu. Na share hotuna a waya don in samu wurin naɗar sauti. Baba ya ce kada in makara, shamuwa ta kusa isowa, kuma bayan sallar asuba za mu fita, ba shan shayi.